Ka Je Ka Ari Tukunyar Dije

Maigidana,

Tsaya, kada ka fara neman gaisuwa. Ga tambaya tukuna, tunda an ce yanzu kai ne mai koyar da 'ya'yan mutane. Wace ce ita: inda ya fi ko'ina zafi nan ake tura ta, ita ce ta ƙarshe wajen samun wanka, gari duk ya ƙoshi da wahalarta, amma ba a taɓa fito da ita gaban baƙi ba? Ka riƙe ta a ranka. Kuma kada ka leƙa ƙarshen takarda, na san halinka, tun kana ƙarami daga ƙasan kwano kake fara neman nama.

To, yanzu assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa. Ina fata ka sauka Gwaram lafiya, kai da akwatinka da wannan babur da ke hana kajin unguwa sakat. Yaya azumi, yaya baƙunta? Allah ya tsare min kai a hanya da masauki, ya haɗa ka da maƙwabta nagari, ya kare ka daga sharrin mutum da na ƙarfe. Sunan kakanka aka sa maka, saboda haka ko a takarda ba zan kama shi ba. Maigida kake, ko da yake ban taɓa ganin maigidan da ya kai ka gudun cefane ba.

In ka ga baƙaƙen suna hawa tudu suna gangarowa, ka yi haƙuri, da hannuna na rubuta. Malama Saratu da ta koya mana a ajin yaƙi da jahilci cewa ta yi in dai rubutu ya karantu, ya yi aikinsa. Ba labarin gida zan ba ka ba, uwarka za ta ba ka wannan. Magana ɗaya ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Ranar da ka zo kwashe sauran kayanka, ka zauna a kan tabarmata kana hura hanci, kana ba mu labarin wai samarin ma'aikata na Gwaram, malaman makaranta da malamin gona da akawuna, suna da kulob, kuma ba ka gama sanin hanyar kasuwa ba suka ɗora ka shugaban taimakon Sallah. Na yi maka murna. Amma bari in faɗa maka a kunne: sabon zuwa ake ɗora wa irin wannan kaya, don shi ne bai san nauyinsa ba. Ka ce kun tara buhunan shinkafa da turamen atamfa. Ka ce ranar jajiberi za ku ɗauko akori-kura ku kai Kwandiko, a kafa rumfa a filin makaranta, a ɗaura lasifika, a kira mabukata ɗaya bayan ɗaya su yi layi, mai hoto yana ɗauka. Sannan ka juyo ka ce da ni, "Kaka, har ƙawarki Dije na ce a saka."

Ban tanka ba, saboda ƙannenka suna wurin suna kallon ka kamar wani gwamna, ba zan sauke ka a gabansu ba. Amma tun ranar maganar take ci na.

Ka ji ni da kyau, ba hana ka nake yi ba. Niyyarku mai kyau ce. Tunda kuɗin fetur ya shigo ƙasa, sa'o'inka rediyo suke saye da wando mai faɗin ƙafa, ku kuwa kuka tuna da wanda ba shi da shi. Allah ya yi muku albarka. Kuma an bukaci shinkafar nan. Sallar bana ta faɗo gero bai shigo gida ba, rumbuna sun yi ƙasa, mutane ba su gama farfaɗowa daga farin da aka sha ba. Dije kuwa ta fi kowa bukata. Ɗanta da ya ɗauke ta daga nan Birnin Kudu ya kai ta Kwandiko ya tafi Legas aikin gini, ya bar mata 'ya'yansa, shiru kake ji. Gwiwoyinta sun ƙi. Na san abin da ke cikin rumbunta kamar na leƙa.

Amma Dije ba za ta zo layinku ba. Ko lasifikarku ta tsage da kiran sunanta, za ta ja ƙyauren ɗakinta ta zauna. Jikokinta za su wayi gari ranar Sallah da ruwan kuka, shinkafarku tana jibge a fili ana yi mata hoto. Abin da nake so in hana ke nan, kuma sai na hana shi. Yadda aka yi na san Dije haka, da ƙafata na je na koyo, sai da na yi tuntuɓe ba sau ɗaya ba. Bari in ba ka labarin tuntuɓen, ka tsallake su.

Shekarar da aka sauke tutar Turawa, ajinmu ya ƙare, mu kuwa ba ma son rabuwa. Mun saba da fitar nan da hira. Malama Saratu Kirista ce, matar wani malamin asibiti, ta ce a garinsu matan coci suna da zumunta, lokacin bikinsu sukan haɗa abinci su kai wa gwauraye da marayu. Muka ce mu ma ai muna da Sallah. Shi ke nan muka zama ƙungiya. Kowace ta kawo abin da take da shi, wata tsaba, wata kabewa, wata daddawa, ni mai ƙuli-ƙuli na kawo man gyaɗa. Ranar Sallah muka yi tuwon shinkafa da miyar taushe, muka rarraba gidajen da za a kai.

Ni aka ba wa gidan Dije. A lokacin tana bayan kasuwa, ba ta daɗe da fita takaba ba. Na shiga ɗakina na dubi jerena, na sauko da langar da ta fi kowace girma, mai furanni ja da kore. Na ce ai ƙawata ce, ba zan kai mata a ƙaramin kwano ba. Na shaƙe ta taf, na ɗaura sabon zane, na ɗora a ka, ina tafe ina jin kaina kamar wadda ta gina masallaci.

Dije ta karɓa da hannu biyu, ta yi ta sa albarka. Ta kwance bakin zaninta ta ba ni goro tukuici, na karɓa, tunda ba a mayar da tukuici. Bayan Sallah kaɗan sai ga langata ta dawo da nauyi. Na buɗe: kaza ce, soyayya, an barbaɗe ta da yaji. Muka zauna muka cinye. Kai ma kana wurin, ko wando ba ka fara sa wa da kirki ba, kai ka ci cinya, har kana kukan a ba ka ɗayar.

Sai daga baya na bi ta gidan Dije, na ga tsakar gida fayau. Na ce da Ladi mai fura, maƙwabciyarta kuma 'yar ƙungiyarmu, "Ni kuwa ina kazar nan ta Dije mai shiga ƙafar mutane?"

Ladi ta dube ni ta ce, "Jummai, tambaya kike? Ai tana cikinku."

Ita ke nan gare ta. Ƙwanta take sayarwa ta sayi gishiri da kanwa. Mun ba ta tuwon yini ɗaya, mun cinye mata cefanen shekara. Da muka bincika, kowane kwano da muka aika haka ya dawo. Wata ta cika shi da daddawar da take talla. Wata kuwa, Allah ya ji ƙanta, gyaɗar iri ta zuba, ga damina ta kusa.

Saboda haka, Maigida, ga ta farko. A ƙasar nan kwano ba ya komawa gidansu wayam, ka san wannan, amma ba ka taɓa tsayawa ka duba wanda yake cika shi ba. Girman kwanon da ka aika, girman nauyin da ka ɗora. Kafin ka miƙa wa mutum abu, ka tambayi kanka me zai rasa wajen karɓarsa. In kuka ce to, tunda Dije ba ta zo layi ba bari a kai mata buhu har gida, wallahi akuyarta za ta kama ta ba wanda ya kawo. Kuma na san ka, karɓa za ka yi, kana da tarihi.

Da Sallah ta zagayo sai na ce na yi wayo. Na tara mata na ce, bana doka: ba tukuici, ba mayar da komai. Aka ce Jummai akwai kai. Na sake ɗaukar tuwo na nufi gidan Dije, na sauke, na gyara tsayuwa na ce, "Dije, ƙungiya ta ce kada ki wahalar da kanki. Ba tukuici, kwanon ma ki dawo da shi haka nan."

Tana tsince wake a faifai. Ba ta ɗago ba ta ce, "Wa ya ce?"

Na ce, "Ƙungiya."

Ta ce, "'Yar gidan wa ce ita ƙungiyar? Ban san uwarta ba."

Na fara dariya, na ga ita ba ta yi. Ta ajiye faifan ta miƙe. Ta ce, "Jummai, ni da ke muka yi tallan gyaɗa a tasha muna 'yan mata. Ranar sunan ɗanki na fari ni na kwana a kan murhu. Yau ni ce wadda ba a cin nata?"

Na ce, "Haba Dije, ba haka nake nufi ba."

Ta ce, "Na ji abin da kike nufi. Sunkuyo."

Na sunkuya ban san dalili ba. Ta ɗauki kwanon, ta gyara murfin, ta ɗora min a ka, har da daidaita min gammo. Ta ce, "Ki gaida ƙungiya."

Haka na ratso kasuwa ranar Sallah da tuwo a ka, ana ta ce min sannu da hidima. Damina guda Dije ba ta yi min magana ba. In mun haɗu a rijiya sai ta gaida gugana.

Ga ta biyu ke nan. Ranar da ka ce wa mutum ba a bukatar komai daga hannunsa, ka fitar da shi daga cikin mutane, ko da shinkafa ka yi masa rakiya. Yunwa tana wucewa da an ci. Wannan kuwa ba ta wucewa. Ni a tsakar gida na faɗa mata, daga ni sai ita sai kaji, kajin ma na maƙwabta, ka ga yadda ta kasance. Lasifikarku maganata ce ta ranar nan, an sa mata batir. Tsohon da za ku kira sunansa ya taso ya yi layi, surukinsa yana cikin masu kallo. Matar da za ku ɗauka hoto tana miƙa hannu, gobe za a zo neman auren jikarta. Ku za ku hau akori-kura ku koma Gwaram, su za su ci gaba da zama a garin.

Ta uku ita ce ta shugabanci, nan ne zan ba ka dariya.

Aka yi wa mijin Malama Saratu canjin wurin aiki, ta tafi, mata suka ce ni ce shugaba. Maigida, ka ga yadda ka hura hanci a kan tabarmata? Gado ka yi. Na aika aka aro min kujera mai hannu. Na koyi wani ɗaurin ɗankwali mai tsayi. In an taru, ina kan kujera, su suna tabarma, ina nunawa da yatsa: ke daka, ke tankaɗe, ke ɗebo ruwa. Na ce bana girkin da za mu yi sai an yi labarinsa har Sundimina. Na sa aka tara shinkafa fiye da ta kowace shekara. Ba wadda ta yi min musu. Ka ji tsoron taron da ba a yi maka musu a cikinsa.

Ranar jajiberi da hantsi sai saƙo ya fara zuwa. Wannan baƙi sun sauka mata. Waccan ciwon kai. Wata mijinta ya ce. Kafin azahar daga ni sai Ladi, sai shinkafa jibge, sai tukwanenmu na gida waɗanda ko na gidan ba sa ƙosarwa. Na ce, "Ladi, yaya za mu yi?"

Ta ce, "Ki nuna wa shinkafar yatsa mana, ko za ta dafa kanta."

Duk unguwar tukunya ɗaya ce za ta ɗauki wannan girki, ta ƙarfe mai ƙafa uku, wadda ake girkin biki da ita. Ta Dije ce, gadon uwarta. Na sauke ɗankwalin nan na yi ɗaurin mutane, na tafi. Ba dabara ce ta kai ni ba, kada ka ba ni wayon da ba ni da shi. Ruwa ne ya ƙare min.

Na yi sallama, na durƙusa. Na ce, "Dije, aro na zo."

Ta ce, "Aro? A nan? Kin ɓata hanya, nan gidan da ba a karɓar nasu ne."

Na ce, "Ki yi min duk abin da za ki yi, na cancanta. Mata sun gudu sun bar ni. In ba ki ba ni tukunyar nan ba, gobe ba ni da fuskar fita idi."

Ta dube ni. Na ga gefen bakinta yana motsi. Ta ce, "Ina kujerar?"

Na ce, "Tana gida."

Ta ce, "Tukunyata ba ta zuwa ko'ina sai da ni. Ku da ba ku san kan wuta ba, ku ƙona min gindinta."

Washegari da aka sauko idi sai ga Dije, muciya a kafaɗa, an ɗauko tukunya a bayanta. Kuma ba ita kaɗai ba. Ta biya ta kira matan da ta san hannunsu a girki, na duba na ga duk waɗanda muke aika wa kwano ne. Ta tsaya a tsakar gidana ta rarraba aiki, ta juyo kaina ta ce, "Shugaba, hura wuta."

Na durƙusa ina hurawa, itacen ɗanye, hayaƙi yana shiga idona, hawaye da majina. Dije tana tuƙi tana cewa, "A hankali, Shugaba, kada ki tashi garin." Mata suna dariya har da riƙe ciki. Waɗanda suka yi ciwon kai jiya da suka ji shewa sai ga su ɗaya bayan ɗaya, kan ya warke. Tuwon ranar ko gudaji ɗaya babu.

Da aka gama aka wanke, na yi abin da kowace mace take yi ba tare da tunani ba: ba a mayar da tukunyar aro wayam. Na jera mata malmala a ciki. Ƙwaryar da ta zo da ita na cika da ɗanyar shinkafar da ta rage, kwalbarta na zuba mai. Sauran matan ma haka, kowace da abin da ta zo da shi, mai turmi, mai ludayi, mai mara. Ina jiran ta ce in sunkuyo.

Dije ta ɗaga kwalbar ta duba a rana. Ta ce, "Jummai, wannan rowar fa? Mai ƙuli-ƙuli guda, man ko wuya bai kai ba."

Maigida, ban taɓa jin magana mai daɗin wannan ba. Wanda aka yi wa sadaka godiya yake yi, kansa a ƙasa. Mai ƙorafi haƙƙinsa yake karɓa. Na cika mata kwalbar har tana zuba. Ba tukuici, ba kazar da ta mutu, kuma ba wanda ya kafa doka. Al'adar da ta cinye kazar Dije ita ce dai ta cika mata tukunya, juya ta kawai aka yi. Mu muka zama masu aro, nauyin cikawa ya dawo kanmu.

Tun daga shekarar muka zama ƙungiyar aro. Gidan da muka san babu, nan muke zuwa neman tabarma, ko turmi, ko gatari. Wata tsohuwa ba ta da komai sai bishiyar tsamiya a ƙofar gida, muka ari inuwarta muka yi girki a ƙarƙashi. Amma ka kula da wannan: aron ya zama na gaske. Ladi ta taɓa aro rariya a wani gida don dai a sami hanyar kai musu, ta ajiye ba ta taɓa ta ba, ta mayar da ita da tsaba. Matar ta juya rariyar ta ce, "Wannan ko gari ba ta gani ba." Ta dawo mana da tsabarmu. Mutanen nan talauci ne da su, ba makanta ba. Abin da ka ara, ka yi aiki da shi har ya nuna.

To, ga abin da nake so ka yi, kuma ba shawara nake ba ka ba.

Tun azumi bai ƙare ba ka je Kwandiko. Ka fara da mai unguwa da liman, ka ce kun zo neman taimakonsu, kada ka ce kun zo taimaka musu. Sannan ka nemi gidan Dije. Ka kashe babur ɗin nan tun daga nesa. Ka durƙusa sosai, wandon ba zai yage ba. Ka ce kai ne jikan Jummai, wanda ya ci cinya, za ta gane ka. Ka ce kulob ɗinku yana so ya yi girkin Sallah a garin, ga shinkafa, amma ku maza ne 'yan boko, ba ku da tukunya, ba ku san wa ya iya ba. Duk gaskiya ne, ba ƙarya za ka yi da azumi ba. Tukunyar tana nan, da ita ta tafi. Za ta zage ka, ta zage ni, ka yi shiru. Ba za ta iya tuƙi ba yanzu, amma a ba ta kujera 'yar tsugune kusa da murhu, bakinta lafiya lau yake. Ita za ta faɗa maka matan da za a kira, ta fi ku sanin gidan da ba a ɗora tukunya.

Mazan ma akwai abin ara a wurinsu. Da ruwan da ake yi yanzu, akori-kurarku ba za ta kai cikin gari ba, za ta kafe a taɓo, ka rubuta ka ajiye. Jakai za ku nema. Ku nema a wurin waɗanda kuka yi niyyar sa wa a layi, kuma jaki ba ya komawa da mangala wayam. Mai gatari ya faskara itace, mai guga ya ja ruwa, tsohon da ba ya iya komai a ari buzunsa liman ya zauna. Atamfar kuwa ku ce ankon masu girki ce, a raba musu tun da wuri su kai ɗinki, su da 'ya'yan da za su taya su. Ba macen da ta taɓa jin kunyar anko. Lasifika ku ba liman ya yi huɗuba da ita, na baya su ji. Mai hoto ya jira sai an ci an yi kwalliya, ya ɗauki mutane a tsaye cikin sabon kaya, hannunsu ba a miƙe ba, kuma in an wanke a kawo musu abinsu.

Na san abokanka za su yi gardama. Wani zai ce to wa zai san mu muka yi? Kada ka yi faɗa da su a taro, mutum ba ya sauka daga maganarsa a gaban jama'a. Ka bi su ɗaya ɗaya bayan shan ruwa, ka zauna a tabarmarsu, ka ba su labarin kaza. Wanda ya fi son a gan shi, ka ba shi aikin da ake gani, ya jagoranci jakai. In wani ya maimaita maganarka a taro kamar shi ya ƙirƙiro ta, ka ce wallahi ya kawo shawara. Ba abin da ya ragu a jikinka. Kai kuma ka zaɓi aikin da kowa yake kauce wa. Akwai hura wuta, akwai kankare ƙanzo a gindin tukunya. In bayan Sallah suka ce ka ɓata musu tsari sun sauke ka, ka ce ka gode. Shugabancin kulob ana samun wani. Dije guda ɗaya ce, kuma ban san Sallah nawa ta rage mata ba.

In kuwa ka karanta takardar nan ka ce tsohuwa ce take surutunta, to saurara. Na riga na yi magana da direban motar da ke zuwa cin kasuwar Gwaram, ya ce zai ajiye min kujerar gaba. Ranar jajiberi ina Kwandiko in Allah ya kai mu. In na tarar an kafa murhu a ƙofar gidan Dije, zan ɗaura ɗamara in durƙusa in hura wuta, na ƙware. In kuwa layi na tarar, zan sa zanen da ya fi kowanne tsufa a akwatina, in ɗauki ƙwarya, in tsaya a gaba. Zan faɗa wa mai lasifika sunana, in ce ya ƙara da cewa kakar shugaba ce, ya faɗa da ƙarfi. Zan miƙa hannu biyu in sa mai hoto ya ɗauka da kyau. In ka ji abin da za ka ji a lokacin, to shi kake shirin raba wa mutanen Kwandiko tare da shinkafa. Ka san ni, Maigida. Ka tambayi uwarka ko na taɓa cewa zan yi abu ban yi ba.

Allah ya karɓi ibadarmu, ya nuna mana Sallah lafiya. Allah ya tsare fitarka da shigarka, ya kiyaye ka a kan hanyar nan mai santsi, ya sa ka gama da mutanen Gwaram lafiya kamar yadda ka same su. Allah ya sa hannunka ya zama mai sanyi a kan na ƙasa da kai. Ka gaida abokan aikinka, ka ce kakarka ta ce sannunsu da ƙoƙari. Ka riƙa yin sahur da kirki, na ga wuyanka ya yi tsawo. In ka je wurin Dije ka ce ina nan tafe, ta tanadi bakinta.

Ni ce matarka ta fari, wadda ba ka iya saki,
Kakarka Jummai.

Amsar tambayar kuwa, muciya ce.